Kayan makarantar 'yan mata: a tambayi tela kafin a yanke hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin iyayen yara a nan Sakkwato, wato batun kayan makarantar 'yan mata, wando za su sa ko siket. Ni ba malama ba ce, ban kuma taɓa aiki a Ma'aikatar Ilimi ba. Tela ce ni, a cikin gida nake ɗinki, kuma kaso mai tsoka na abin da nake ci daga ɗinkin yunifom yake fitowa. Ina da 'ya'ya mata a makaranta, ina kuma cikin ƙungiyar iyaye mata ta firamaren unguwarmu. Ni nake auna yarinya, ni nake yanka yadin, ni kuma ake dawo wa da kayan in sun yage, don haka ina ganin ina da ta cewa.

Abin da ya tayar da ƙurar shi ne saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, masu cewa a ƙasashen Turawa an soke bambanci tsakanin kayan makarantar maza da na mata, kuma wai abin yana nan tafe gare mu ta hannun ƙungiyoyin agaji. Daga nan sai wasu iyaye maza suka fara yi wa wandon da 'ya'yansu suka shekara suna sawa wani irin kallo. Wani maƙwabcinmu, dattijon kirki, ya aiko matarsa da yadi ya ce a ɗinka wa 'yarsu siket, "don ni ɗiyata ba ta ƙara sa wando, wagga ɗabi'ar Nasara ta." A ɗaya gefen kuma ga wasu makarantun kuɗi da suka ɓullo ta wata hanya. Su a wurinsu riga da wando kayan makarantar gwamnati ne, kayan 'ya'yan talakawa, shi ya sa suka koma wa siket da kwat da nektai, domin hoton da za a manna a allon talla ya yi kama da na makarantun Ingila. Ɓangarorin nan biyu ko ga maciji ba sa yi, amma ga shi sun haɗu a kan abu guda, kowannensu so yake a cire wa yarinya wando. A cikinsu kuma ban ga wanda ya tsaya ya tambayi yarinyar ba.

Bari in fara da abin da ya faru a can, tunda da shi ake tsoratar da mu. Gaskiya ne a 2019 gwamnatin yankin Wales na Birtaniya ta fitar da ƙa'ida cewa makarantu su daina ware wannan na maza wannan na mata a jerin kayan makaranta. A shekarar ne kuma hukumar birnin Meksiko ta ce yarinya na iya sa wando, yaro ma in ya ga dama ya sa siket. Gaskiya ne har wa yau cikin dalilansu akwai batun yaran da ke cewa jinsin da aka haife su da shi ba shi ne nasu ba. Wannan magana ce da addininmu da al'adarmu ba su tafi a kanta ba, ni ma ba ita ta kawo ni ba. Amma wanda ya bi labaran da kyau zai ga mafi yawan rigimar tasu ta zafi ce da sanyi da kuɗi da tilas. Samarin da aka nuno sanye da siket a garin Exeter na Ingila a 2017, bore suke yi. An yi zafi, makaranta ta hana su gajeren wando, sai suka aro siket ɗin 'yan'uwansu mata suka sa don su kunyata hukumar makarantar. A garin Lewes, shi ma a Ingila, wata makaranta ta soke siket ta ce kowa ya sa wando, a 2019 'yan mata da iyayensu suka yi cincirindo a ƙofarta suna ƙin yarda. A Amurka kuwa akasin haka aka yi, a jihar North Carolina 'yan mata ne suka kai makarantarsu ƙara don ta tilasta musu siket, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2022. A jihar Kerala ta Indiya, da wata makarantar gwamnati ta koma wa shat da wando ga kowa a 2021, ƙungiyoyin Musulmi sun fito zanga-zanga. Faransa kuma ta hana abaya a makarantun gwamnati a 2023. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, duk inda hukuma ta ɗauko tufa guda ta ce dole, ko ta ce an hana, sai an yi tashin hankali, ko wace irin tufa ce.

Mu nan Sakkwato ba mu jira Wales ba. Tun kafin a san wani abu wai shi WhatsApp 'yan matanmu na makarantun gwamnati suke zuwa aji da riga mai kai gwiwa ko ta wuce, da wando har idon sawu, da hijabi a sama. Wanda ya tsaya bakin titi wajen Gawon Nama ko Runjin Sambo ko Mabera da ƙarfe bakwai da rabi na safe zai gan su rututu. Ba wata ƙungiyar waje da ta kawo mana wannan shigar. Iyaye da malamai ne suka ga ta fi gajeriyar rigar makarantun Turawa sutura, suka rungume ta. Ke nan a can mai son a sa wa yarinya wando shi ake kira ɗan zamani, a nan kuwa wando zaɓin masu kunya ne. Wanda ya kwaso gardamar can ya zube mana a nan bai duba wannan ba, aron zane ya yi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Na san hujjar masu ƙin wando, kuma ba ta wasa ba ce. Hadisi ne ingantacce, Bukhari ya ruwaito shi daga Ibn Abbas, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Ba Musulmar da za ta ji wannan ta yi ko in kula. Amma abin da aka karantar da mu a Islamiyya game da tufar mace shi ne ta rufe jiki, kada ta matse har ta fitar da sura, kada ta zama shara-shara, kada kuma ta zama tufar da aka san maza da ita. To wandon makarantar 'yan mata, mai faɗi, wanda riga ta sauko ta rufe rabinsa, hijabi kuma ya sauko ya rufe rigar, wane namiji ne a Sakkwato yake irin wannan shigar? Duk wadda Allah ya kai ta Makka ta ga matan Pakistan da riga da wando suna ɗawafi. Mu ma nan in mace ta zo ta ce a yi mata ɗinkin Pakistan, kowace tela ta san abin da take nufi, kuma matan malamai na cikin masu kawowa. Mazajenmu ga su nan da jallabiya har ƙasa, ba wanda ya ce sun sa rigar mata. Fatawa ta malamai ce, ni ban isa ba. Roƙona gare su shi ne in za su yi wa'azi a kan wando, su faɗi wanne. In fensir ne, mai manne wa cinya, irin wanda wasu 'yan sakandare ke kawo mini a ɓoye su ce "Anti, don Allah ki ɗan tsuke mini ƙafar," to ina bayan malam, kuma ba na tsukewa, sai in ce ta je ta zo da uwarta. Ba ta dawowa. Amma a haɗa shi da wandon makaranta a yi musu kuɗin goro, wannan jefa iyaye cikin ruɗu ne ba gaira ba dalili.

Yanzu bari in shiga abin da na sani, wato ɗinki. Siket iri biyu ake kawo mini. Akwai miƙaƙƙe, wanda makarantun kuɗi suka fi so don yana kyau a hoto. Shi wannan in ya kai idon sawu, yarinya ba ta iya buɗe ƙafa ta yi taku sai an yi masa tsaga. Tsagar nan kuwa ita ce gyaran da ya fi kowane yawa a kan kekena. Ki yi ta taƙi ɗaya, kafin a yi hutu ta kai gwiwa, domin duk tsallake kwata, duk hawa mota, duk tashi daga zaune, zaren da ke saman tsagar ne ke ɗaukar nauyin. In ɗinke, in ƙara ƙyalle ta ciki, in bi in sake bi, ba a daɗe ba a dawo mini da shi ya yage ta gefen ɗinkin. Sai kuma mai faɗi, mai tattara a ƙugu, wanda ba ya buƙatar tsaga. Shi ya fi wancan sutura, amma yana cin yadi fiye da wando, kuma iskar hunturu ko guguwar farkon damina na ɗaga shi. Me iyaye mata ke yi? Su je kasuwa su sayo wandon roba na ciki su sa wa yarinya a ƙarƙashin siket. An dawo wa wandon da aka guda ke nan, sai dai yanzu kuɗi biyu, tufa biyu, a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40.

Wandon makaranta in an yanka shi yadda ya kamata ba shi da wannan matsalar. A ba shi hantsa wadatacciya don kada ya ɓarke in an tsuguna. A sa roba ko zariya a ƙugu maimakon zif, domin zif na saurin lalacewa, kuma 'yar aji biyu ba ta iya fama da shi in fitsari ya matse ta. A bar kalmasa mai kauri a ƙafa, yadda in yarinya ta ƙara tsawo za a warware a sake. Ita kuma rigar ta sauko ƙasan gwiwa, da 'yar tsaga kaɗan a gefe biyu, da hannu dogo mai sakin jiki, da aljihu. Aljihun nan kada a raina shi. Kayan maza duk da aljihu ake yin su, na mata kuwa samfurin da makarantu da yawa ke bayarwa babu ko ɗaya, sai ka ga yarinya ta ƙulle kuɗin tara a bakin hijabi ko ta cusa a safa, biro kuma kullum a sayi sabo. Ni kam ko ba a ce ba ina sawa, a gefen dama, a ɓoye cikin ɗinki.

Sai a duba yadda yaran ke zuwa makaranta. 'Ya'yan masu hali a mota ake sauke su har cikin harabar makaranta, su kam ko me suka sa daidai ne. Sauran kuwa ƙafa ce, ko keke napep, ko kabu-kabu, ko babur ɗin uba da yara uku a kai. Mai miƙaƙƙen siket in za ta hau babur, ko dai ta tattare shi har cinya a bakin titi gaban jama'a, ko ta zauna a karkace ƙafafu gefe guda, zaman da rami ɗaya ya isa ya watso ta. Ina suturar take a nan? A aji ma haka abin yake. Firamare nawa ne a cikin garin nan, balle a ƙauyuka, da yara ke zaune a ƙasa don benci bai isa ba? Mai wando naɗe ƙafa take yi ta ɗora littafi a cinya ta yi rubutunta. Mai siket rabin hankalinta na wurin malam, rabi na wurin jan tufa. Ga sharar fili, ga ɗibar ruwa, ga guje-guje ranar motsa jiki, inda masu siket ke komawa gindin dogon yaro su zama 'yan kallo. Wata ƙaramar yarinya da nake aunawa ta dubi uwarta ta ce, "Inna, ni ba ni son wanga, ba ni iya gudu da shi," uwar ta ce ai mace ba ta gudu. Na yi shiru don ba ɗiyata ba ce, amma raina bai so ba.

Tunda na ambaci babur, bari in yi tsokaci kan hijabi ma. Wanda ke jan ƙasa yana iya shiga taya ko sarƙar babur ya fizgo yarinya, kuma an sha jin haka ta faru. Na makaranta in ya tsaya a gwiwa ya wadatar, tunda akwai riga da wando a ƙarƙashinsa.

Akwai maganar da ba na son yi, amma ba yadda zan yi in tsallake ta. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Zamfara, a watan Yunin shekarar kuma aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Kebbi. Jihohin nan biyu daga jikin tsohuwar jihar Sakkwato aka cire su, 'yan'uwanmu ne na jini. Mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo a nan jiharmu kuwa ba sai an ba su labarin ta'asar 'yan bindiga ba. Ban ce wando zai tare harsashi ba, tsaro aikin gwamnati ne. Amma uwar da ke da ɗiya a makarantar kwana, in tana haɗa mata kaya a akwati, zuciyarta na raya mata ranar da za a ce kowa ya yi ta kansa, ko da gobara ce ta tashi a ɗakin kwana. Allah ya tsare mana su.

Wata maganar kuma ta mata ce. Ka yi haƙuri, Edita, kunya ba za ta hana a faɗi abin da ke hana yara karatu ba. Yarinya in ta fara al'ada, babban tsoronta shi ne ta miƙe a aji a ga tabo a bayanta. Audugar mata ta yi tsada, da yawa tsumma suke amfani da shi, tsumma kuwa ba shi da tabbas. Makarantar da ta zaɓi farin siket ko farin wando ko wani launi mai haske ta ƙara wa yaran nan fargaba. Na san 'yan matan da ke fashin makaranta duk wata saboda wannan kaɗai, uwa ta aika a ce wa malam zazzaɓi ne. Wando mai duhun launi, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, da doguwar riga a kansa, ya fi rufa musu asiri. Masu zaɓar launin yunifom yawanci maza ne a ofis. Ban ga laifinsu ba da wannan bai zo musu a rai ba, amma akwai malamai mata a kowace makaranta, tambaya kawai za a yi. Ko ba don wannan ba ma, fari da ƙurar Sakkwato ba sa shiri, kuɗin sabulu kuwa daga aljihun iyaye yake fita.

Ba zan ɓoye inda siket ya fi ba. A ban-ɗakin makaranta, irin wanda ƙasansa kullum a jiƙe yake, ba ruwa ba ƙofa, mai siket tattarewa kawai take yi. Mai wando sai ta yi dabara kada ƙafar wandon ta taɓa ƙazanta, ga shi da shi za ta yi sallar azahar. Ƙanana 'yan aji ɗaya sun fi shan wahalar wannan, iyaye mata na gaya mini. Sai dai maganinsa rijiyar burtsatse ce da buta da mai wanke ban-ɗaki, kuma ko siket aka koma wa sai an nemi waɗannan.

Duk da abin da na faɗa, ban yarda a mayar da wando tilas ba. A garin nan muna zaune da Kiristoci, 'yan kasuwa da ma'aikata da jami'an tsaro da malaman jami'a, 'ya'yansu na aji ɗaya da namu. Wasu coci-cocin sun hana mata wando ɗungurungum, suna kafa hujja da wata aya ta Attaura da ta hana mace sa kayan namiji. Na ɗinka wa irin waɗannan iyalai, na kuma ga sun riƙe abin da gaske. A 2019 an sallami 'yan mata biyu daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a jihar Ebonyi saboda sun ƙi sa wando, a 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hana masu hidimar ƙasa sa siket saboda addininsu ya saɓa wa tsarin mulki. Mu ma ba mu manta murnar da muka yi ranar 17 ga Yunin 2022 ba, da Kotun Ƙoli, alƙalai biyar cikin bakwai, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi na jihar Legas haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnati, bayan babbar kotun jihar ta ƙi ba su gaskiya a 2014. Sashe na 38 na tsarin mulki, wanda ya kare hijabin ɗiyar Musulmi a Legas, shi ne zai kare siket ɗin ɗiyar Kirista a Sakkwato. In muka so ɗaya muka ƙi ɗaya, mun ba masu hana hijabi a Kudu abin faɗa.

Haka shi ma dattijon da ya ce ɗiyarsa ba ta ƙara sa wando. Na gaya wa matarsa ra'ayina, amma na ɗinka siket ɗin, mai faɗi har ƙasa, na kuma roƙi shugabar makarantar ta ƙyale ta. Domin na san in aka koro ta a kan wannan, ba wata makarantar zai kai ta ba. Farantin talla za a ɗora mata, ko a fara zancen aure. Jiharmu na cikin waɗanda suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, kuma uban da dama yake da shakka a kan boko, ƙaramin dalili ya ishe shi. Abin kunya ne kuwa a ce a garin Nana Asma'u tufa ce za ta fitar da yarinya daga aji. Ita ce ta kafa 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi, ta naɗa musu shugabanni mata da ake kira jajoji suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu su koma su koyar da na gida. Alamar iznin da take ba kowace jaji malfa ce da jan rawani. Malfa da rawani kuwa kowa ya san da wa aka fi saninsu a ƙasar nan, amma ɗiyar Shehu da kanta ta ɗora su a kan mata, ban kuma taɓa jin an ce ta kamanta su da maza ba. Mahaifinta ma, Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje.

Sai batun kuɗi, wanda a gidaje da yawa shi ne ke yanke hukunci kafin malam ko shugaban makaranta ya buɗe baki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole, daga firamare har ƙaramar sakandare, amma yadi ba kyauta ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, farashin yadi da zare da roba ya yi tashin gwauron zabo, mu da ke shiga babbar kasuwa sayen kayan aiki mun gani. A gidan talaka yunifom gado ne. Yaya ta cire ƙanwa ta sa, a rage ƙafa, a sake roba, a juya wuyan riga in ya koɗe. A ƙananan azuzuwa ma wandon wa namiji ƙanwarsa ke gada in launin ɗaya ne, ba tare da an kira taro ko an tambayi Turawa ba. Duk ranar da makaranta ta wayi gari ta canza daga wando zuwa siket, ko ta sauya launi, ta kashe wannan gadon, kayan da za su yi wa yara uku aiki sun zama tsumman goge-goge.

Wata makarantar kuɗi da 'yar ƙanwata ke zuwa haka ta yi a tsakiyar shekarar karatu. Ta kuma ce ba a yarda a ɗinka a waje ba, sai dai a saya a ofishinta. Kayan an ɗinko su ne daga wani gari, da yadin leda mai ƙyalli wanda ba ya shan gumi, awonsu kuma uku ne kacal, ƙarami da matsakaici da babba, wadda ta faɗo tsakani ta yi haƙuri. Kafin a yi nisa ƙurajen zafi sun feso wa yarinya a wuya da baya. Na san za a ce tela ce, kasuwarta take karewa. E, ina karewa, tawa da ta sauran matan da ke zaune cikin gidaje da keken ɗinki, wasunsu zawarawa masu riƙon marayu, waɗanda lokacin komawa makaranta shi ne kakarsu. Amma duk mai shakka ya ɗauki kuɗin yadi da na ɗinki a unguwa ya kwatanta da abin da ake karɓa a ofishin makaranta, ya kuma taɓa yadin biyu da hannunsa.

Af, su kuma yara maza fa? Har yanzu akwai firamaren da ake sa musu gajeren wando. Cikin sanyin Disamba da Janairu sai ka ga ƙafafunsu sun yi furu-furu sun faffashe. Ɗan aji shida ya fara zama saurayi amma gwiwa a waje, alhali mun san al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Ban ga an turo saƙo ko ɗaya a kan wannan ba, duk wa'azin tufa a kan mace yake sauka.

Abin da nake roƙon Ma'aikatar Ilimi ta jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya da masu makarantun kuɗi ba shi da yawa. A bar riga da wando da hijabi su zama asalin kayan 'yan mata, a rubuta awonsu ƙarara yadda ba mai tsukewa. Wadda addininta ko gidansu bai yarda da wando ba, a ba ta damar dogon siket mai faɗi da yadin nan da launin nan, kada a tsayar da ita a bakin ƙofa. Makarantar da za ta canza kaya ta sanar da iyaye shekara guda kafin lokaci, ta kuma bar tsofaffin ɗalibai su ƙarasa da nasu. Ta sayar da bajo kawai, ta ajiye samfuri a ofis, kowa ya kai wa telansa. In za a zauna zaɓar yadi da launi, a sa malamai mata da iyaye mata a cikin zaman, a kuma kira 'yan matan manyan azuzuwa a ji ta bakinsu, a ɗaki daban inda ba maza, don in ba haka ba sunkuyar da kai za su yi su ce duk wanda aka zaɓa daidai ne.

Kai kuma Edita, in da hali ka turo wakiliya mace. Ta zo cikin bazara, ta tsaya a ƙofar makarantar gwamnati ɗaya da ta kuɗi ɗaya lokacin tashi, ta ga yadda ake hawa kabu-kabu, ta shiga ta duba ban-ɗakin, sannan ta rubuta muku abin da ta gani.

Wassalam.

Taku,
Mai ɗinkin kayan makaranta,
Unguwar Mabera, Sakkwato.